Yadda Na Yi wa Surukata Tafinta a Madina

Tun da muka dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. In na zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai an tambaye ni. In na shiga kasuwar Ɗambatta, sai wani ya riƙe mini hannun riga, wai da gaske ne Larabcin da na koya a waya ya yi aiki? Malam Idi tela ma yawo yake yi da ni, wai shi ya ji labari da hannu na yi ta yi wa Larabawa nuni har muka dawo. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Malam Idi kuma a taimaka a karanta masa.

Ni dai manomi ne, kun sani, kuma na taɓa sauke farali shekarun baya. Wani Alhaji mai kai mutane Umara daga Kano shi ya ce yana neman wanda mutanen ƙauyukanmu suka yarda da shi, ya riƙa yi musu jagora. Sharaɗinsa ɗaya, in koyi Larabcin hanya. Na yi allo, na sauke, amma Larabcin da za ka ce wa direba ya tsaya wani tsoho zai kama ruwa, wannan ba a koya mana ba. Sai ya karɓi wayata ya saka mini wata manhaja da aka yi don masu jagorancin alhazai. Wani Balarabe ne a ciki mai murya a kwance. Ya faɗi magana, in maimaita. In na yi daidai ya yaba mini, in na kwafsa ya sake faɗa, ko sau ashirin ne ba ya ƙosawa.

A gona na yi karatun, damina guda cur, waya a aljihu, igiya a kunne. Darasin filin jirgi a lokacin shuka na yi shi. Na masauki ya zo da noman farko, na asibiti da maimai, na ɓatan alhaji kuma muna yankan gero. Wani lokaci ina duƙe da fartanya sai in manta inda nake, in ga kamar layukan geron nan mutane ne sanye da harami suna jiran in wuce gaba. Maƙwabcina na gona ya sha leƙowa ta saman gamba ya ga da wa nake magana.

Ana saura wata guda tafiya, matata Rabi ta same ni ta ce Inna ta ce a gaya mini za ta bi mu. Inna Dije ke nan, mahaifiyarta. Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarta, amma ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, in tashi. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Rabi yake bi.

Ta bakin Rabin kuma na ji dalilin tafiyar. Inna tana da wa, Ɗanlami, wanda ya bi hanyar gabas tun tana amarya, a wata shekarar fari, bai dawo ba. Da aka raba gadon mahaifinsu aka ware masa gonarsa, ƙarama, mai aduwa a tsakiya, aka ce Inna ta riƙe kafin ya dawo. Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana, sai ta sa ana noma ta, da geron nan ta raine su. Wasiƙa ɗaya ya taɓa aikowa daga Makka, daga nan shiru. Yanzu ga tsufa, ga wani mai son ya sayi wurin ya yi gini, ku kun san yadda ƙasa ta yi mana kaɗan. Liman ya ce mata ba ta da ikon sayarwa, ba ta da ikon bar wa 'ya'yanta, sai da bakin mai ita. Abin da ya fi damunta ma ba wannan ba ne. Shekara arba'in da ɗori tana cin geron mutum ba da izininsa ba, kuma tana tsoron ta gamu da Ubangiji da shi a cikinta. Tana son ta same shi ya yafe mata, ya karɓi abinsa, ta huta.

Mu goma sha tara muka taru a Rijiyar Zaki, a gidan da Alhajin yake tara mutanensa, daga nan aka kwashe mu zuwa filin jirgi. Da aka raba kujeru, sai ga lambata kusa da ta Inna. Na nemi wanda zai canja da ni, kowa ya ƙi, suna ƙunshe dariya. Ga ni cikin harami, ƙyalle biyu, ina ta jan na sama ina rufe ƙirji. Aka kawo abinci, shinkafa da kaza, ƙamshi yana dukan hancina, na ajiye a gabana na naɗe hannu. Can sai Inna ta juya ta fuskanci taga, ta rufe ido, ta fara wani minshari wanda ko jinjiri ya ji ya san na ƙarya ne. Na cinye tas cikin sauri. Ina rufe robar ta farka.

Bayan nan ta daɗe tana kallon ƙasa ta taga. Rairayi ne kawai, babu gari, babu itace, sai inuwar gajimare tana tafiya a kai a hankali. Ba da ni take ba, da tagar take, ta ce, "Duk wannan shi ya ratsa?"

A Jidda na fara gwada karatuna. Na isa gaban jami'in da ke duba fasfo, na yi masa sallama, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali, ina shirin tambayar aiki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla, ya hajji," wato in yi sauri in wuce. Raina ya ɗan ɓaci. Balaraben wayata bai taɓa katse ni ba. Nan na gane mutanen can ba su da lokacin gaisuwa, kuma maganarsu gudu take yi, kafin ka kama kanta wutsiyar ta wuce. Sai kuma na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi karɓar na Inna. Sussuka da surfe sun cinye zanen yatsunta. Aka shafa mata wani ruwa, aka danna, aka sake dannawa. Jami'in ya kama hannun rigarsa ya goge gilashin da kansa, ya dubi tafin hannunta, sannan ya ce mata "ya ummi" da wata murya dabam. A karo na shida na'urar ta karɓa. Wajen duba kaya kuma aka ciro wani ƙulli daga jakarta, gero ne kamar rabin tiya. Aka tambaye ni mene ne. Na ce abinci. Mutumin ya murza, ya shinshina, ya ce abincin tsuntsu? Na ce na mutane. Ya mayar ya ɗaure mata da kyau.

Ba zan iya ba ku labarin ganin Ka'aba ba. Na taɓa gani, amma kamar yau na fara. Mun yi ɗawafi, mun yi sa'ayi, na tura Inna a keken guragu tana ta salati, kuma duk tsawon lokacin ji nake kamar barci nake yi wani zai tashe ni in tafi gona.

Masaukinmu hawa na tara ne. Tsofaffinmu biyu suka ce su ba za su shiga akwatin da ke hawa da mutane ba, sai da na shiga na fita sau uku a gabansu. Makullin ɗaki kati ne, kullum sai wani ya kulle kansa a waje, ni kuma in sauka in karanta wa mai masauki jimlar da na haddace. Wannan darasin kam ya biya ni. Abinci shinkafa ce, rana shinkafa, yamma shinkafa, da gurasa mai faɗin faifai. Kwana uku mutanena suka fara kewar tuwo kamar yara. Abin da ya fi ba ni mamaki, ana kiran salla mai kanti zai yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi abinsa. Ga kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, ba mai korarsu, amma ban ga akuya ko ɗaya tana yawo ba.

Neman tuwon nan ne ya kai ni wata unguwa a bayan duwatsu, inda mutanenmu da suka daɗe a can suke zaune. Na tarar da wani tsoho yana gasa tsire, Baba Audu, Hausarsa irin ta kakana. Ya tambaye ni ko har yanzu ana tara dalar gyaɗa a Kano. Na ce an daina tun ban yi wayo ba, ya girgiza kai kamar na gaya masa rasuwa. Na ambaci Ɗanlami, na faɗi sunan ƙauyenmu. Ya ajiye wuƙa. Ya ce Adamu tela nake nufi, sunansa na yanka ke nan, sun zauna gida ɗaya, daga baya ya auri wata 'yar can ya koma Madina. Ya ce Allah ya yi masa rasuwa shekara shida ke nan. Ya bar 'ya'ya biyu, mace da namiji, amma ba sa jin Hausa. Ya sa aka nemo mini lambar babbar.

Hanyar komawa masauki ta yi mini tsawo. Babu Rabi da zan aika. Na tsaya a ƙofar ɗakin mata, na durƙusa, na ce a kira mini Inna. Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi mata wadda ba gaisuwa ba, kuma ta rasuwa ce. Ta yi salati, ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

"Ya bar baya?" ta ce.

Na ce biyu, mace da namiji.

"To gonar tasu ce. Ka kai ni."

Kiran wayar nan na fi jin tsoro a duk tafiyar. Na buɗe manhaja na bincika, babu darasin da ya yi kama da wannan. Sai na ɗauki na ɓatan alhaji. Da mace ta ɗauka, na ce mata ina tare da wata tsohuwa, tana neman 'yan uwanta. Na faɗi sunan Adamu. Sai ta ce, "Min Kano?" Na ce daga Kano. Ta yi wata doguwar magana da ban kama ko rabinta ba, amma daga baya ta turo mini taswirar gidan a waya.

Motar Madina ta yi da mu awanni a cikin duwatsu baƙaƙe. Mutanena duk suka yi barci. Inna ba ta runtsa ba, ƙullin geron yana kan cinyarta. Sau ɗaya ta tambayi matar da ke kusa da ita wai su mutanen nan a ina suke noma.

Washegarin isarmu, bayan mun yi ziyara, na ɗauki tasi da ita. Gida ne a saman bene. Namijin, Usman, shi ya buɗe, dogo, baƙi, da wushirya irin ta Rabi sak. Yayarsa ta fito, ta kai shekara arba'in, malamar makaranta ce. Ta faɗi sunanta, Khadija. Inna ba ta buƙaci tafinta a nan ba. Ta kama fuskar matar da hannu biyu tana cewa ashe bai manta ba, ashe ya yi mata takwara, su duka biyun suna kuka.

Aka zaunar da mu a kan kilishi. Usman ya kawo gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. A garinmu ba a mayar da abin da aka ba baƙo, sai na juya baya kaɗan saboda Inna, na shanye. Ya ƙara. Na shanye. Ya ƙara. Ashe su al'adarsu sai ka girgiza kofin sannan a san ka ƙoshi, wannan kuma manhajar ba ta gaya mini ba. Sai da na sha bakwai, zuciyata tana dukan uku-uku, sannan Usman ya yi dariya ya kama hannuna ya girgiza mini.

Inna ta kwance ƙullin ta tura gaban Khadija. A karo na farko a rayuwata ta dube ni ido cikin ido.

"Malam Haruna, ka faɗa mata yadda na faɗa. Kada ka gyara mini, kada ka rage."

Ban ma san ta san sunana da baki ba. Ta fara magana, ni kuma kaina ya zama fayau. Babu gado a manhajar nan, babu gona, babu yafiya. Na rufe ido. Sai na gan ni a gonata ranar noman farko, rana ta take, Balaraben yana koya mini yadda ake barin jaka ajiya a masauki. Na kama wannan. Kalmomin ƙasa da shuka da zangarniya kuma daga allo suka zo mini. Na haɗa su yadda suka samu. Na ce babanku ya bar ajiya a wurin wannan mata. Ajiyar ƙasa ce. Ta riƙe shekara arba'in. Ta buɗe ta ci, ita da 'ya'yanta, saboda yunwa, ba ta tambaye shi ba. Wannan ƙwayar daga ƙasar take. Ta zo ku yafe mata.

Na san Larabcin nan a karye yake, amma Khadija ta sa hannu cikin geron tana barin sa yana zuba ta tsakanin yatsunta. Ta yi magana a hankali, irin ta mai koyar da yara, don in gane. Ta ce babansu ya sha ba su labarin gonar. Ya ce in ka shiga da safe ba ka kai ƙarshenta sai azahar, kuma akwai itace a tsakiya da ake hangowa daga gari uku. Na fassara. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce in gaya mata gaskiya. Na tashi na taka falon daga bango zuwa bango, na ce kamar wannan sau goma a tsawo, sau shida a faɗi. Usman ya riƙe baki. Khadija ta tambaya, itacen fa? Inna ta ce yana nan, awaki ne kawai suke hango shi.

Suka dubi juna ita da ƙanenta. Ta ce abin da aka ci halal ne, na baya da na gaba, sun yafe, kuma ta san babansu ya yafe tun kafin a tambaye shi. Da na faɗa wa Inna, sai ta kifa goshinta a kan kilishin nan ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni ma na goge ido, ba zan ɓoye ba.

Da ta ɗago ta ce saura ɗaya. Su karɓi abinsu. Ko su sa a sayar a aiko musu, ko su wakilta wani, ita dai a sauke mata. Na fassara. Khadija ta girgiza kai. Na zaci kyauta za ta ce ta ba ta, har na fara murna. Ba haka ta ce ba. Sai da na sa ta maimaita sau biyu.

"A nan aka haife mu, amma tun muna yara ake tambayarmu daga ina muke. Mukan ce muna da gona a Kano. In aka sayar, ko muka ba ki, me za mu ce? Ki riƙe, ki noma, ki ci ke da jikokinki. Amma ta zauna tamu."

Na so in sassauta, sai na tuna an ce kada in gyara. Na faɗa yadda take. Inna ta ɓata rai. Ta ce ita da ta taso tun daga ƙauye don ta sauke kaya, shi ne za a sake ɗora mata? Ta ce ta tsufa, gobe ma ba ta da tabbas. Khadija ta ce in ta tafi, 'yarta ta riƙe. Haka muka rabu, da runguma da kuka, amma a cikin tasi Inna mita ta yi ta yi, wai taurin kan Ɗanlami ne yarinyar nan ta kwaso duka. Ni take gaya wa, kai tsaye, har tana taɓa mini gwiwa da sandarta in na yi shiru.

Sauran tafiyar ba wani abu. Wani tsohonmu ya ɓata a kasuwar dabino na awa biyu, na same shi zaune yana shan shayi da 'yan sanda. Muka dawo lafiya, aka tare mu, aka sha zamzam.

Bayan dawowarmu da sati biyu mai son sayen gonar ya zo. Inna ta aiko a kira ni, ta ce in gaya masa masu wurin suna Madina kuma sun ce a'a. Ta sa jikokinta suka kai taki, aka gyara iyakar da ta fara shigewa cikin ta maƙwabci. Ban ƙara jin ta ambaci maganar ba, har na ɗauka fushin bai wuce ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da la'asar ne, ina zaure ina gyara ƙotar fartanya. Sai ga Inna a ƙofa, ta yafa buhu a ka, zanenta ya jiƙe. Ta ce in ɗauko waya in biyo ta. Na sa wayar a leda muka fita, tana gaba da sanda, ina baya, har gindin aduwar nan. Ƙasa ta sha, ƙamshinta ya tashi, ruwan yana zuba a hankali ba iska. Ta ce in kira mata takwararta.

Ana ɗauka na fara haɗa Larabci a kaina, yadda zan ce an yi ruwa. Inna ta karɓe wayar daga hannuna.

"Kada ka fassara komai. Bar ta ta ji."

Ta miƙa hannu waje da inuwar itacen, ta riƙe wayar a sama, ruwa yana dukan ledar yana dukan ƙasa. Can daga cikin wayar na ji Khadija tana kiran Usman, tana ce masa ya zo da sauri.